Zoɓon da Baba ya sha tare da kowa

 

Damina ta ɗauke, kaka ta shigo. Duk wanda ya leƙa kasuwa a 'yan kwanakin nan ya ga lemo tsibi-tsibi a bakin titi, gwaiba ta yi araha, sabuwar citta ta fara isowa daga kudancin Kaduna. Lokacin hidindimu ke nan. Manomi ya sayar da amfanin gona, sai ɗaurin aure, sai walima, sai hutun ƙarshen shekara da 'yan birni ke kwasar yara su kai su gida. A kowane irin wannan taro akwai tambayar da ke faɗawa kan uwargida: me za a ba mutane su sha? Yau zan ba ku labarin yadda na koyi amsa wannan tambaya a garin mijina, Nasko, kuma ba da daɗi na koya ba.

Nasko ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama a Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora. Yanki ne na manoma, inda Hausawa da Kambari da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. Wanda bai taɓa zuwa ba wataƙila ya san sunan ta dalilin Janar Gado Nasko, wanda ya taɓa riƙe muƙamin Ministan Abuja. Ni aure ne ya kai ni. A Kaduna muke zaune, amma duk Babbar Sallah a can muke yin ta, a gidan mahaifin maigidana, wanda kowa ke kira Baba. 'Ya'yansa maza biyar ne, kowa da iyalinsa, ga 'ya'ya mata, ga jikoki. Idan aka haɗu, kwano ba ya isa sai an aro na maƙwabta.

A shekarar 2011 Babbar Sallah ta faɗo ranar Lahadi, 6 ga Nuwamba, a tsakiyar kaka. Lokacin Baba ya shekara biyu da sanin yana da ciwon suga. An ba shi magani, an gaya masa abin da zai ci da abin da zai bari, kuma gidan kowa ya sani. Amma al'adarmu ba ta canja ba. Kowane ɗa idan zai taho sai ya cika bayan mota da kiret-kiret na lemon kwalba, har abin ya zama kamar gasa. Mu mun kawo biyar, babban wa ya kawo bakwai. An jera su a ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, har sun kusa kai tsawon mutum.

Baba a zaure yake zama ranar Sallah. Baƙi na shigowa gaisuwa, ana kai musu nama da kwalba mai sanyi. Shi kuma sai a ajiye masa kofin ruwan randa. Mu a cikin gida muna ganin mun yi abin da ya dace. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, mutumin nan ya shekara arba'in yana karɓar baƙi a zauren nan, kuma Bahaushe ba ya son baƙonsa ya sha abu shi yana kallo. Liman ya shigo, ya ce, "Alhaji, kai fa?" Sai Baba ya sa a buɗe masa ɗaya, ya ce albarkacin Sallah. Mai unguwa ya zo, aka sake. Tsohon abokinsa ya zo daga Salka, aka sake. Haka aka yi kwana uku. Ga waina, ga shinkafa, ga cincin, ga kuma maganin da hidima ta sa yana tsallakewa.

Daren na uku Inna ta buga mana ƙofa. Ta ce tun yamma Baba ke shan ruwa ba ya ƙoshi, yana ta zarya bayan gida, ya ce idonsa na gani dishi-dishi, yanzu kuma jikinsa ya saki, maganarsa ba ta fita sosai. A daren aka sa shi a mota zuwa asibiti a Kontagora. Kwana huɗu ya yi a kwance ana ƙara masa ruwa ana yi masa allura. Allah Ya sa da sauran shan ruwansa a duniya.

Ina tsaye a baranda lokacin da likitan ya tara 'ya'yansa. Babban wa ya fara rantsuwa cewa sun hana shi, shi ne ba ya jin magana. Likitan ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Na ji kun hana shi. To me kuka ba shi a madadi?" Aka yi shiru. Ni ma na sunkuyar da kai, domin ni ce na riƙa ɗora kwalaben a faranti ina ba yara su kai zaure.

Kun san matsayin suruka a gidan Bahaushe. Ba ni da bakin yi wa Baba faɗa, ko haɗa ido ba ma yi. Gaisuwa ce daga bakin ƙofa a durƙushe, ya sa mini albarka in tashi. Abin da ke hannuna kawai shi ne madafa. Don haka da muka koma Kaduna na ɗaura aniyar kafin wata Sallar sai na samo abin shan da zan iya aika masa zaure ba tare da gabana na faɗuwa ba.

Zoɓo na fara tunawa, tunda shi muka tashi da shi. Gwajin farko kuwa abin dariya ne. Na zuba zoɓo da yawa, na ƙara tsamiya, na matse lemon tsami, na bar shi yana tafasa kusan awa guda, sannan na hana shi suga. Ɗana na fari ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce, "Mama, wannan na zazzaɓi ne?" A nan na gane cewa sugan da muke antayawa a zoɓo tsami muke rufewa da shi. Idan ana so a rage suga, tsamin ake fara ragewa, sannan a nemo abin da zai ba harshe aiki: ƙamshi, ɗan yaji, da zaƙin 'ya'yan itace. Na shafe watanni ina gwadawa duk ranar Asabar, ina rubutawa a bayan littafin cefane, har yaran suka fara shanyewa ba tare da sun tambayi suga ba.

Sallar 2012 ta zo ranar Juma'a, 26 ga Oktoba. Mun isa Nasko ana jibi Sallah, da buhun lemo da abarba a bayan mota. Da daddare na samu Inna na ce mata ina so in yi wa Baba zoɓonsa daban a ɗan jug, marar suga, sauran jama'a kuma a yi musu irin wanda aka saba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, in kika ware masa nasa ba zai sha ba. Ko maganinsa a ɓoye yake haɗiya, don kada baƙi su ce ya zama abin lallaɓawa. Ki yi na kowa, ya sha a cikin na kowa."

Wannan magana ta Inna ita ce abin da na zo gaya muku yau. Shekara guda na yi ina neman abin da zan ba marar lafiya, ashe abin da yake so shi ne kada a nuna shi da kofi.

Ba a amince nan take ba. Ƙanwar maigidana ta ce, "Yaya, zoɓo ba suga ranar Sallah? Ai sai a ce 'yan birni sun zo da rowa." Tana da gaskiyarta, domin a wurinmu zaƙi alamar karamci ne. Inna ce ta raba gardamar. Ta ce a yi randa ɗaya ga kowa, a dafa ruwan suga a zuba a jug a ajiye a tsakar gida, duk mai so ya je ya ƙara da kansa. Wato mai son zaƙi shi zai tashi ya nema, marar lafiya ya zauna inda yake ya sha abin da kowa ke sha.

Ga yadda na haɗa shi, uwargida, na lita 10, wanda zai ba ki kofi kusan 40. Za ki nemi busasshen zoɓo cikin gwangwanin madara 10, abarba 2 nunannu, lemon zaƙi 15, gwaiba 12 waɗanda suka nuna amma ba su luguiguice ba, kankana matsakaiciya guda, goruba 6, ɗanyar citta manyan yatsu 3, kanumfari cokalin shayi 2, kirfa sanda 3, kimba 2, da ɗan ganyen na'a-na'a idan akwai. Ban sa tsamiya ba, ban sa lemon tsami ba, ban sa ɗanɗanon kanti na leda ba.

Ki fara da wanki. A ƙasa ake shanya zoɓo a wurare da yawa, don haka yana zuwa da yashi da ƙura. Ki tsince shi, ki ɗauraye da ruwan sanyi sau biyu ko uku da sauri, kada ki jiƙa shi, domin launinsa zai bi ruwan wankin. Ki goge bayan abarba da sabon soso a ruwa mai tsabta kafin ki fere, saboda ɓawon za ki dafa. Sauran 'ya'yan itacen ma ki wanke su tun kafin wuƙa ta taɓa su, kuma kada ki yi amfani da wuƙa ko faifan da aka yi aikin ɗanyen nama da su. Ranar layya wannan kuskure yana da sauƙin faruwa.

Ki ɗora ruwa a babbar tukunya. Idan kina da ta silba mai kauri marar tsatsa ko mai fenti, ta fi ta dalma, domin tsamin zoɓo yana cin dalma idan ya daɗe a ciki. Ki zuba ɓawon abarba, da gorubar da kika farfasa bayanta a turmi, da dakakkiyar citta, da kanumfari, da kirfa, da kimbar da kika ɗan fasa kika zubar da ƙwayoyinta don kada ta yi ɗaci. Ki bar su su tafasa kamar minti 20 su kaɗai. Kayan ƙamshi suna buƙatar wuta, zoɓo kuwa ba ya buƙatarta da yawa. Sai ki zuba zoɓon, ya tafasa minti 5 kawai, ki sauke, ki rufe, ki bar shi rabin awa. Tsawon dahuwa shi ke fito da tsami mai kama harshe.

Ki tace da rariya, ki sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta, ki bar shi ya huce sarai. Sai ya huce za ki matse lemon zaƙi a ciki, domin zafi yana lalata bitamin C kuma yana sa ruwan lemo ɗaci. Rabin kankanar ki murje shi a rariya da bayan ludayi ruwan ya sauka a ciki. Sauran rabin, da naman abarba, da gwaibar da kika cire wa 'ya'ya, ki yanka su ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa ki zuba. Ki jefa na'a-na'a, ki rufe, ki bar shi awa ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi su ba juna ɗanɗano. Duk wanda aka zuba wa a haɗa masa da ƙaramin cokali.

Goruba da kirfa su ne sirrin. Ƙamshinsu yana sa baki ya ji kamar akwai zaƙi fiye da wanda ke ciki. Kada ki sa kanwa don kashe tsami. Tana mayar da jan launin ya koma baƙi-baƙi, kuma tana ɗauke da gishirin da mai hawan jini ba ya buƙata.

Ranar Sallar na ɗora tukunya bayan sallar asuba. Kafin maza su dawo daga idi na tace. Da yake wuta ba ta da tabbas, a sabuwar randar Inna muka juye shi, muka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwar rumfa. Bayan sallar Juma'a baƙi suka fara shigowa. Na jera kofuna iri ɗaya a faranti, na ɗora wa ɗana a kai, na bi shi har bakin zaure na tsaya a bayan zana ina saurare. Na ji ƙarar cokula. Na ji liman yana tambaya ko wannan daga Kaduna aka sayo shi. Na ji Baba ya ce, "A'a, a nan gidan aka yi." Daga nan sai hira ta koma kan farashin raguna.

Da magariba ya aiko jikansa da saƙo. Yaron ya tsaya a tsakar gida ya faɗa da ƙarfi yadda aka gaya masa: "Baba ya ce a gaya wa mai zoɓo citta ta ɗan yi yawa, amma gobe ma a yi." Matan gidan suka fashe da dariya. Ni kuwa ɗaki na shige, domin hawaye ne suka zo mini.

Kada in yi muku ƙarya, ba kowa ya karɓa ba. Yara sun kusa ƙarar da jug ɗin suga kafin la'asar, sai da Inna ta ɗauke shi ta sa a ɗakinta. Wani ƙanin maigidana ya ɗanɗana ya ajiye ya buɗe kwalbarsa. Amma kofi ɗaya Baba ya sha da rana, ɗaya da yamma, ya sha maganinsa a kan lokaci, kuma da aka auna shi washegari da safe bai wuce inda likita ya ce ba. Fiye da rabin kiret-kiret ɗin da aka kawo haka aka mayar da su ba a buɗe ba.

Yanzu bari mu yi maganar lafiya ƙarara, domin ba na so wani ya karanta wannan ya ce an samo maganin ciwon suga. Zoɓo ba maganin suga ba ne. Baba bai daina shan ƙwayoyinsa ba ko rana ɗaya saboda shi. Wannan haɗin ma yana da suga a ciki, na lemo da kankana da abarba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. Ga babban mutum wannan ya kama kusan giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. A lissafinta har da zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Shi ya sa na fi barin 'ya'yan itacen a yanke maimakon a markaɗe, domin idan aka tauna su da dusarsu sugan ba ya shiga jini da gaggawa kamar na matsattsen ruwa. Shi ya sa kuma nake gaya wa masu cewa sun bar suga sun koma zuma ko dabino ko mazarƙwaila cewa dukkansu suna ɗaga sugan jini. Mai ciwon suga ya tsaya a ƙaramin kofi, ya sha tare da abinci, ya kuma tambayi likitansa gwargwadon da ya dace da shi.

Ku kwatanta da lemon kwalba. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da suga kusan giram 10 a kowane mililita 100. Ke nan robar rabin lita guda tana iya cinye kason mutum na yini gaba ɗaya. Ku duba bayan robar, a rubuce yake. Gwamnatin Tarayya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a Dokar Kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba ta hana kowa cika bayan mota ranar Sallah. A gida ake yanke wannan hukunci.

Game da hawan jini, akwai abin da bincike ya nuna. A 2010 masana a Jami'ar Tufts da ke Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi uku na ruwan zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, alhali ta waɗanda suka sha wani abin sha na kwatanci ta sauka da kusan maki 1 kawai. Labari ne mai daɗi, amma yana da gefe biyu. Wanda ke shan maganin hawan jini, ko wanda jininsa ke yawan sauka, ya sanar da likitansa idan zai mayar da zoɓo abin shan kullum, kuma kada ya ajiye magani ya ce zoɓo ya isa. Mai juna biyu ta nemi shawarar ma'aikatan awo kafin ta sha da yawa, musamman mai yawan kanumfari da kimba. Mai gyambon ciki ya rage citta ya sha bayan ya ci abinci. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono kawai, kuma ba a ba yaron da bai shekara ba zuma. Bayan an sha, a kuskure baki da ruwa, domin tsami yana cin haƙori.

Sai batun tsabta, wanda ya fi kowanne saurin kwantar da gida guda. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma abin da ke shiga bayan an sauke shi ne matsalar: ruwan da aka sirka da shi, hannun da ya matse lemo, ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, da robobin da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama. Idan za ki sirka, da tafasasshen ruwa za ki sirka. Idan kin sayi ƙanƙara, ki jera ta a jikin mazubin daga waje, kada ki jefa a ciki. Ki sa mutum ɗaya ya riƙa zubawa da ludayi mai dogon hannu, kada kowa ya tsoma kofinsa. Zoɓon da aka yanka wa 'ya'yan itace ba ya jure zafi, a ranar ake shanye shi. In akwai firij mai wuta yana iya kwana ɗaya ko biyu. Da zarar kin ga kumfa a samansa, ko kin ji warinsa ya canja, ki zubar, kada ki yi ƙyashi. A Nasko kwana uku na yi ina dafa sabo kowace safiya.

Daga baya na gano cewa abin da nake ganin dabarata ce, wasu al'ummomi sun daɗe da shi. A Sudan da Masar karkade suke ce wa zoɓo, a Senegal bisab, a Ghana sobolo. A Jamaika da citta da kanumfari suke dafa shi lokacin Kirsimeti. A Meziko kuwa suna da abin shan ƙarshen shekara da suke dafawa da gwaiba da rake da kirfa da tsamiya, da yawansu har da zoɓo, su sha da ɗuminsa. Kuma Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da manomanmu ke nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Abin da ake lodawa a jirgin ruwa a kai wata nahiya, mu ga shi a gefen gonakinmu. Ganyensa yakuwa ce ta miya da fate, 'ya'yansa gurguzu ne na daddawa, jan kwanson kuma shi ne zoɓon. Duk da haka sai mu tsallake shi mu sayo ruwa mai kala don a ce mun yi bajinta. Idan sanyin hunturu ya kankama, ku gwada shan wannan haɗin da ɗumi irin nasu. Ki dafa gwaiba da abarbar a ciki na 'yan mintuna, ki bar kankana. Tsofaffi sun fi son sa haka.

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya, kuma a cikin kakar nan take faɗowa. Ina roƙon duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a auna shi. Mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, kasala, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da ciwon da ya ƙi warkewa, duk alamu ne da bai kamata a yi wasa da su ba. Idan kuma mai ciwon ya fara ruɗewa, ko amai, ko barci mai nauyi da ba a saba gani ba, a tafi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Baba ya yi Sallah da yawa bayan wannan kafin Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. Duk shekara sai ya aiko da gyaransa, wata shekarar kanumfari ne ya yi kaɗan, wata shekarar gwaiba ce ba ta nuna ba. Ban taɓa ba shi amsa ba, gyarawa kawai nake yi. Yanzu ƙanwar maigidana, wadda ta ce za a kira mu marowata, ita ke dafa shi idan ban samu zuwa ba, tun da aka ce mata ita ma jininta ya fara hawa.

Kusan kowane gida a yau akwai irin Baba: uba, ko uwa, ko gwaggo, ko maigidan kansa. Kafin taronku na gaba, ku zauna ku lissafa su waye za su zo, ku tambayi kanku ko akwai wanda za a ajiye wa kofin ruwa alhali kowa na shan wani abu. Idan akwai, ki gwada wannan haɗin tun kafin ranar, ki daidaita shi da bakin mutanen gidanki, sannan ki yi shi randa ɗaya, ki kai jug ɗin suga can gefe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita.